Barewar ɓera: dabbar da ƙanƙantarta ta ɗaure ta da kurmi

A kurmin Malesiya da Indonesiya akwai wata dabba mai kofato, mai tuƙa irin ta akuya, wadda ko ta gama girma nauyinta ba ya wuce na ƙosasshen zakara, wato kilo 2 ko ƙasa da haka. Daga ƙasa zuwa kafaɗarta bai fi santimita 30 ba. Ƙafafunta sirara ne ƙwarai, idanunta manya, bayanta a tanƙware, ƙugunta ya fi kafaɗarta tudu. Ba ta da ƙaho, namiji ko mace. Mutanen ƙasar suna ce mata kancil, kuma duk duniya babu mai kofaton da ya kai ta ƙanƙanta. Ita da danginta ake kira barewar ɓera, ko da yake ba barewa ba ce, kuma babu abin da ya haɗa ta da ɓera.

Dangin, wanda masana ke kira Tragulidae, nau'i 10 ne kacal a yau. Shida suna kudu maso gabashin Asiya: kancil da 'yar'uwarta ta tsibirin Jaba, da napu wadda ta fi su jiki da kilo 5 zuwa 8, da wata a tsibirin Balabac na Filifin, da wata a Biyetnam, da wata a arewacin Tailan. Uku suna Indiya da Siri Lanka, masu ɗige-ɗigen fari a jiki. Ta goman ita kaɗai ce a Afirka, ita ce kuma babbarsu: barewar ruwa, mai kilo 7 zuwa 16, wadda ke zaune a kurmin da ya faro daga Saliyo ya dangana da yammacin Yuganda, har da kudancin Najeriya da Kamaru. Shi kansa wannan lissafi na 10 sabo ne. Har farkon wannan ƙarni nau'i 4 ake ƙirgawa, sai a 2004 da 2005 Erik Meijaard da Colin Groves suka sake auna ƙoƙunan kai da fatun da ke jibge a gidajen ajiyar kayan tarihi, suka nuna cewa an daɗe ana cusa dabbobi daban-daban a ƙarƙashin suna ɗaya.

Goma ba komai ba ce idan aka dubi sauran masu tuƙa. Dangin shanu, wanda ya haɗa awaki da tumaki da gada da gwanki da ɓauna, ya kai nau'i 140 ko kusa da haka. Barewar ƙasashen sanyi mai ƙaho reshe-reshe tana da kusan 50. Shi ya sa aka saba kwatanta barewar ɓera da ragowar zamanin da, wadda 'yan'uwanta suka ci gaba suka bar ta a baya. Ban gamsu da wannan kallo ba. Dabbar da ta haura shekara miliyan 30 da ƙira kusan iri ɗaya, ai ƙirar tana biya mata buƙata ne. Abin da ya fi dacewa a tambaya shi ne me ya sa take biya a cikin kurmi, kuma me ya sa ba ta biya da zarar an fita daga cikinsa. Kusan duk amsar tana cikin ƙanƙantar jikin nan.

Ƙaramin tumbi, babbar buƙata

Wanda ya taɓa tsayawa a kan mahauci yana gyaran kayan cikin akuya ya san cikin ba jaka ɗaya ba ce. Akwai tumbi babba mai kaushi, inda ƙwayoyin halitta ke ruɓar da ciyawa. Akwai ƙarami mai gida-gida. Akwai na uku mai shafi-shafi a jere, wanda ya fi kowanne wuyar wankewa. Sai na huɗu mai santsi, wanda shi ne ainihin cikin da ke narka abinci da ruwan tsami. Aikin na ukun tacewa ne: yana tsare ƙararen da ba su gama laushi ba, yana kuma tsotse ruwa. A cikin barewar ɓera wannan sashe na uku kusan babu shi, ɗan gajeren wuya ne kawai tsakanin na biyu da na huɗu. Tana tuƙa, kuma kamar akuya ba ta da haƙoran gaba a sama sai dasashi mai tauri, amma kayan aikin sarrafa busasshiyar ciyawa ba su cika a jikinta ba.

Ko da sun cika, ba za su amfane ta ba. Tun 1932 wani masani ɗan Suwizalan mai suna Max Kleiber, da ke aiki a Kalifoniya, ya nuna cewa buƙatar abincin dabba ba ta ƙaruwa daidai da nauyinta. Gwargwadon girman dabba, gwargwadon raguwar abin da kowane kilo na jikinta yake ƙonawa. Idan aka bi lissafinsa, kilo ɗaya na jikin kancil yana buƙatar kusan ninki uku da rabi na abin da kilo ɗaya na saniya mai kilo 300 yake buƙata. Shi kuwa tumbi da jiki yake tafiya, ƙaramar dabba ƙaramin tumbi. Saniya tana iya cika cikinta da karan dawa da busasshiyar ciyawa, ta bar su su kwana biyu suna ruɓewa a hankali. Kancil in ta gwada haka, yunwa za ta kashe ta da cikinta a cike. Richard Bell da Peter Jarman, waɗanda suka yi nazarin namun dawan Afirka a ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970, su suka fito da ƙa'idar a fili: babbar dabba tana iya rayuwa da abinci mai yawa maras kyau, ƙarama kuwa dole ta zaɓi kaɗan mai kyau.

Don haka abincin barewar ɓera shi ne 'ya'yan itacen da suka faɗo, da tohon ganye tun yana laushi, da iri, da naman kaza. Ta Afirka tana ƙarawa da ƙwari da ƙaguwa, har da mushen kifi in ta samu a bakin rafi. Abinci irin wannan, a ƙasa inda gajeriyar dabba za ta kai baki, kuma duk tsawon shekara, kurmi mai yawan ruwan sama ne ya fi bayar da shi. A dajin ƙasar Hausa, inda rani ke cin wata 7 ko fiye, ba za ta ga damina ta biyu ba, shi ya sa maharbanmu ba su san ta ba. Kuma tun da ba ta hawa saman bishiya, rabonta yana hannun waɗanda ke can sama. Biri ya gatsa ya yar, kurege ya kakkaɓo, jemage da tsuntsaye su zubar, ita kuma ta bi gindin itacen tana tsinta.

A tsibirin Borniyo lamarin ya fi haka tsauri. Manyan itatuwan da suka mamaye kurmin, dangin da ake kira dipterokap, ba sa 'ya'ya kowace shekara. Sukan yi shiru shekara 2, ko 5, wani lokaci har kusan 10, sannan su zuba gaba ɗaya a 'yan watanni. A tsakanin waɗannan shekarun wadata, abin da ke riƙe masu cin 'ya'yan itace shi ne dangin ɓaure, 'yan'uwan cediya da durumi da gamjin da muka sani, domin su ba su da lokaci ɗaya: wannan yana ƙarewa, wancan yana nuna. Da yawansu ba daga ƙasa suke tsirowa ba. Tsuntsu ne yake kashayar da irin a kan reshen wani babban itace, ya tsira a can, ya sako saiwoyi har ƙasa, ya nannaɗe mai masaukinsa. A 1997 Matthew Heydon da Pullin Bulloh suka wallafa bincikensu na jihar Sabah da ke arewacin tsibirin, inda suka gano cewa barewar ɓera ta fi ƙaranci a kurmin da aka sari katako, kuma yawanta yana bin yawan 'ya'yan itace, musamman irin waɗannan ɓauren. Mai saran katako ba ruwansa da ɓaure, itacensa ba ya kuɗi. Amma idan ya kayar da babban itacen da ɓauren yake manne da shi, tare suke faɗuwa.

A ɓangaren Afirka, mafi yawan abin da aka sani ya fito ne daga aikin wani Bafaranshe, Gérard Dubost, a yankin Makokou da ke bakin kogin Ivindo a Gabon, cikin shekarun 1970. A kurmi guda ya tarar da nau'o'in gada da dama tare da barewar ruwa, dukansu 'ya'yan itacen da suka faɗo suke ci, kuma babu wadda ta kori wata. Sun raba abin ne ta hanyoyi uku. Akwai girman ɗan itacen da maƙogwaron kowacce zai iya haɗiyewa. Akwai lokaci, wasu da rana wasu da dare. Akwai kuma wuri. Barewar ruwa ta ɗauki dare, ta ɗauki bakin ruwa: da wuya a same ta nesa da rafi ko kogi fiye da mita 250. Kusan kashi biyu cikin uku na abin da aka samu a cikinta 'ya'yan itace ne. Mace takan riƙe fili na hekta 13 zuwa 14, sau da yawa duk rayuwarta, namiji kuma 20 zuwa 30, filinsa ya ratsa na mata kamar biyu. Kowa shi kaɗai yake yawo. A wannan nau'in mace ta fi namiji jiki.

Ɓuya a ƙasa, ɓuya a ruwa

Dabba mai kilo 2 zuwa 16 abincin kowa ce: damisa, mesa, gaggafa, kyanwar daji, guza, tunku. Gudu mai nisa ba nata ba ne, ƙafafun ba su da tsawon hakan. Abin da take da shi shi ne jiki mai tsini ta gaba, kai a sunkuye, ƙugu mai kaurin fata, yadda za ta kutsa sarƙaƙiya ƙaya ba ta yage ta ba. Kowace ƙafa tana da yatsu huɗu cikakku, biyu na tsakiya masu ɗaukar nauyi da biyu na gefe, kuma a barewar ruwa ƙasusuwan ƙafar gaba ba sa haɗewa su zama sanda ɗaya da wuri yadda suke yi a ƙafar akuya. Ƙafa ce ta taɓo da saiwoyi, ba ta tsere a fili ba. Fari-farin da ke jikin ta Afirka da ta Indiya yana sajewa da ɗigon hasken da ke ratso ganye. Idan ta ji motsi, abu na farko da take yi shi ne ta daskare wuri ɗaya. Idan abin ya matso, ta yi wuf ta faɗa duhuwa. Na Asiya sukan kuma buga ƙasa da kofaton baya da sauri, sau da yawa a daƙiƙa guda, idan hankalinsu ya tashi.

Maimakon ƙaho, namiji yana da fiƙoƙi biyu a sama, dogaye masu kaifi, suna leƙowa ta gefen leɓe. Da su yake yankar abokin hamayya, faɗan kuma gajere ne. Masana da yawa suna ganin ƙaho kayan nuna isa ne a fili, inda maza ke hango juna daga nesa su auna ƙarfi kafin su gwabza. A cikin duhuwar da ba a ganin abin da ya wuce taku biyu, wuƙa a baki ta fi amfani, saƙo kuma da wari ake aika shi: akwai wani ƙullutu a ƙarƙashin haɓar namiji mai fitar da maiƙo, yana goga shi a reshe, yana goga shi a bayan mace. Waɗannan fiƙoƙi ne suka ruɗi masanan Turai na farko har suka haɗa ta da barewar almiski ta duwatsun Asiya, wadda ita ma fiƙa gare ta ba ƙaho ba. Barewar ɓera ba ta da almiski ko ɗigo.

Dabarar da ta fi ɗaukar hankali ita ce ta ruwa. Barewar ruwa ba a ruwa take kiwo ba, mafaka ce kawai. Idan kare ko gaggafa ta matsa mata, sai ta faɗa rafi ta nutse, ta riƙa tafiya a ƙasan ruwan, ta je ƙarƙashin saiwoyi ko ganyen da ya sunkuyo ta fito da hanci kaɗai. An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin halin ta Afirka ita kaɗai. Sai a 2008 wasu masu bincike a Borniyo suka ga wata napu ta faɗa rafi don guje musu, ta yi kusan awa ɗaya a ciki, tana leƙowa jefi-jefi, wani nutson ya kai minti 5. A shekarar kuma aka ga ta Siri Lanka ta yi irin haka tana guje wa tunku. Meijaard da abokan aikinsa suka haɗa rahotannin biyu suka wallafa a 2009, suna cewa tun da halin yana cikin rassan dangin duka uku, alama ce tsohon gado ne.

Daga nan ne wani zance ya bazu wanda yake buƙatar gyara, wai barewar ɓera ce kakar wel, manyan dabbobin tekun nan masu shayarwa. Ba haka binciken ya ce ba. A 2007 Hans Thewissen ya bayyana ƙasusuwan wata ƙaramar dabba mai kofato, Indohyus, da aka tono a duwatsun Kashmir, mai shekara kusan miliyan 48. Ƙashin kunnenta irin na wel ne, ƙasusuwan ƙafarta kuma masu kauri ne da nauyi, irin na dabbar da ke tafiya a ƙasan ruwa. Tambayar ita ce me zai kai mai cin tsiro cikin ruwa, sai Thewissen ya kawo barewar ruwa a matsayin misali mai rai: tsoro ne ya kai ta. Misalin hali ne, ba dangantakar jini ba. A cikin dabbobin da ke raye yau, dorina ce mafi kusanci da wel.

Tarihinta nata ya isa abin faɗi ba sai an ara mata na wani ba. Mafi tsufan burbushin dangin an same shi ne a lardin Krabi na kudancin Tailan, mai shekara kusan miliyan 35. Daga baya, lokacin da duniya ta fi yau ɗumi da laima, dangin ya bazu a Asiya da Afirka har da Turai. An tono wani jinsinsu mai suna Dorcatherium a tsibirin Rusinga da ke Tafkin Biktoriya a Kenya, an kuma tono shi a Jamus, inda aka raɗa masa suna a 1833. Abin dariyar shi ne masanan Turai sun san wannan mataccen kafin su san 'yar'uwarsa mai rai, domin sai a 1841 William Ogilby ya bayyana barewar ruwa, ga shi kuma sun yi kama matuƙa. Da duniya ta ci gaba da sanyi da bushewa, kurmi ya ja baya, ciyawa ta mamaye filaye tsakanin shekara miliyan 8 zuwa 5 da suka wuce. Masu dogayen ƙafafu da cikakken tumbi suka bi ciyawar suka yaɗu. Barewar ɓera ta bi kurmi duk inda ya takure. Ana ganin sawun wannan ko a taswirar yau: a Togo da Jamhuriyar Benin da gabashin Gana akwai inda dajin ciyawa ya sauko har bakin teku ya raba kurmin gida biyu, barewar ruwa ma ta rabu biyu, wasu daga Saliyo zuwa Gana, wasu daga kudancin Najeriya zuwa Kwango.

Wadda kowa ke ci dole ta yi saurin mayar da gurbi, amma ɗa ɗaya take haifa a lokaci guda. Yadda take cike giɓin shi ne ba ta hutawa. Goyon cikin na Asiya wata 5 ne ko kusa da haka, kuma mace takan sake karɓar namiji cikin sa'o'i kaɗan da haihuwa, ta yadda kusan duk rayuwarta da ciki take. Jaririn yana miƙewa cikin rabin awa. Uwar ba ta yawo da shi, ɓoye shi take yi a duhuwa, ta zo ta shayar da shi a gurguje ta tafi, don kada ta ja hankalin maci nama zuwa wurin. Kafin ya cika rabin shekara, ɗan kancil ya isa haihuwa.

Mutanen da suka zauna da ita ba su raina ta ba. Matsayin da Gizo yake da shi a tatsuniyarmu, shi Sang Kancil yake da shi a ta Malesiya da Indonesiya, haka kuma Pilandok a kudancin Filifin. Labarin da kowane yaro ya sani shi ne na kadoji: Kancil ya hango nunannun 'ya'yan itace a tsallaken kogi, sai ya ce wa kadoji sarki ya aiko shi ya ƙirga su, a wasu ruwayoyin ma Sarki Sulaimanu ne, domin za a yi musu rabo. Suka jeru daga wannan gaɓa zuwa waccan, ya bi ta bayansu yana ƙirgawa har ya haye. Wanda ya tsara labarin ya san dabbar, don ga 'ya'yan itace, ga kogi, ga kuma abin da ya sa nutso ba kullum yake zama mafita ba. A tarihin baka na birnin Melaka na Malesiya kuma, ana cewa wajen shekarar 1400 wani yarima mai suna Parameswara yana hutawa a gindin wata bishiya ya ga kancil ta harbi karen farautarsa ya faɗa kogi, sai ya ce ƙasar da ƙaramar dabba ke da wannan zuciya ta cancanci a kafa gari. Har yau akwai kancil biyu a tambarin jihar Melaka, kuma motar farko da kamfanin Perodua na Malesiya ya fitar a 1994 Kancil aka sa mata.

Waya da fitila

Duk dabarun nan an gina su ne don maci naman da ke farauta da ido da hanci. Mutum ya zo da abubuwa biyu da suka juya su suka zama rauni. Na farko fitilar goshi: dabbar da ta saba daskarewa idan ta ji tsoro, haske yana dukan idonta sai ta tsaya cak, idon yana ƙyalli, har a ɗana bindiga a nutse. Na biyu tarkon waya. A Biyetnam da Lawos da Kambodiya, da wayar birkin babur ake yin sa, kuɗinta ba ya taka kara ya karya. Mai tarko yakan sari ƙananan rassa ya yi gajeren shinge mai tsawon ɗaruruwan mita a cikin kurmi, ya bar ƙofa nan da can, kowace ƙofa da zarge a ƙasa, ɗaure da tanƙwararren reshe. Dabbar da ke bin hanya ɗaya kullum a ɗan ƙaramin fili, kai a sunkuye, babu yadda za ta yi ta kauce. Tarkon ba ya barci, ba ya zaɓe, kuma wanda aka manta da shi yana ci gaba da kamawa har naman ya ruɓe a wurin. A 2020 ƙungiyar WWF mai kare namun daji ta ƙiyasta cewa akwai irin waɗannan tarkuna sama da miliyan 12 a gandun dajin da aka keɓe a ƙasashen nan uku.

Shi ya sa masana suka kusa fid da rai da nau'in Biyetnam, mai ja-ja ta gaba da toka-toka ta baya. Oldfield Thomas ya bayyana ta a 1910 daga fatun da aka samo kusa da Nha Trang. Bayan nan sai guda ɗaya da wani maharbi ya kashe a 1990. Aka yi kusan shekara 30 babu labari. Wani matashin masani ɗan ƙasar, An Nguyen, da abokan aikinsa ba su fara da na'ura ba. Sun bi ƙauyuka ne suna tambayar mazauna da masu gadin daji, kuma aka yi ta ba su amsa iri ɗaya, cewa kancil ɗinsu iri biyu ce, akwai mai toka. Inda aka nuna musu suka ɗaura kyamarori 3 masu ɗaukar hoto da kansu idan abu ya gilma. Cikin wata 5 suka sami hotonta 275. Suka ƙara kyamarori 29, suka sami 1,881. A Nuwamban 2019 aka sanar, aka kuma ƙi faɗin takamaiman wurin saboda masu tarko. Jaridu sun ce an gano ɓatacciyar dabba, amma a wurin mutanen ƙauyukan nan ba ta taɓa ɓata ba, ba a dai zo an tambaye su ba ne.

Ta Afirka ba ta kai wannan hali ba tukuna. Ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ba ta sa ta cikin masu haɗari ba, ko da yake ta ce yawanta raguwa yake yi. Ƙiyasin da aka yi a 1999 ya ba da kusan 278,000, mafi yawansu a kurmin Kwango da maƙwabtansa. Wannan adadi yana iya sa a saki jiki, alhali a yammacin Afirka kurmin ya riga ya zama tsibirai-tsibirai. A Najeriya wuraren da suka rage mata sun haɗa da fadamun Neja Delta da gandun dajin Kuros Riba, wanda ke maƙwabtaka da na Korup a Kamaru. Matsalarta ta musamman ita ce mita 250 ɗin nan. Bakin kogi shi ne inda mutane ke fara kafa ƙauye, nan ake su, nan ake noman fadama, ta nan ake fitar da katako. Ana iya barin tsakiyar kurmi a tsaye, a share gaɓar ruwa kawai, a hoton tauraron ɗan'adam a ga daji kore shar, ita kuwa ta rasa gida. Ta tsibirin Balabac ita tuni aka sa ta cikin masu haɗarin ƙarewa, domin duk duniyarta 'yan ƙananan tsibirai ne.

Saurin haihuwar nan yana da ranarsa idan aka ɗaga mata ƙafa. A gidan namun daji na Nehru da ke Haidarabad a Indiya, an fara kiwon ta Indiya a 2010 da guda 6, cikin 'yan shekaru suka haura 100, har a 2017 aka fara sakin wasu a gandun dajin Amrabad na jihar Telangana. A Singafo kuwa babu wanda ya kiwata komai. An yi kusan shekara 80 ana ɗaukar napu ta ƙare a ƙasar. A ɗan tsibirin Pulau Ubin aka rufe wuraren fasa dutse, yawancin mazauna suka koma birni, tsofaffin gonakin roba da na 'ya'yan itace suka koma daji. A 2008 masu bincike suka tabbatar da cewa napu tana tsibirin.